Randar Kaka Tarana

A Babbar Ruga, bayan asibitin kutare,
kakata Tarana ke ginin tukwane
da dungun hannu biyu.
Yatsa ɗaya ya rage mata, shi ma rabi.

Ina yaro nakan tsuguna gabanta,
in ga yumɓu ya tashi daga ƙasa,
ya yi ciki, ya yi wuya, ya buɗe baki.
Ta ce, "Mi kake kallo, ɗan nan?
Haka aka yi mu.
Rana da wata kiransu Ya yi, suka amsa,
teku da taurari kalma ta ishe su.
Amma da Ya zo kan mutum
sai Ya durƙusa, Ya ɓata hannu da laka,
Ya hura masa numfashi daga nasa."

Na ce, "In Shi Ya gina ki,
ina Ya kai yatsunki?"

Ta yi dariya har da tari.
"Tukunyar ta tsage tun a gonar farko,
ranar da aka miƙa hannu ga abin da aka hana.
Tsagar nan ke bin zuriya,
ta wani a zuci, ta wani a harshe.
Tawa dai a fili take."

Ta ba ni labarin ubanta Nomau, can wajen Ƙafur.
Shekarar da tabo ya fito mata a goshi
ya yanka jan zakara gindin tsamiya.
Tabon ya yaɗu, ya kai baƙin bunsuru.
Ya fasa rumbu, ya sai da dawa, ya sayo rago.
Jini ya bushe a saiwa, tururuwa ta yi biki,
masu tsamiya ba su ƙoshi ba.
Kowace damina sabon bashi,
har garke ya koma igiya da turke.

Sai aka ɗora ta bisa jakin aro,
kwana uku, zuwa nan.
Wani mai ɗaurin miki, Istifanus,
ya wanke ƙafarta bai toshe hanci ba.
Yana naɗa ƙyalle yana zancen wani Ɗan Rago
wanda jininSa ya biya sau ɗaya, ba saura.

"Na ce masa, nawa ne? Mu dabba ta ƙare mana.
Ya ce, ba ke za ki kawo ba.
Maginin da kanSa Ya kawo,
kuma ba daga garke ba, Ɗansa ne, Yesu.
An rataye Shi a itace,
an huda tafinSa da ƙusa,
kwana uku kabari ya kasa riƙe Shi.
Da na ji zancen tafin nan,
sai na dubi nawa,
na daina ɓoye shi cikin zane."

Magani ya tsai da cutar.
Yatsu ba su dawo ba.
Na tambaye ta ko ba ta jin an rage mata ceto.
Ta dangwara min laka a hanci.
"An saye ni da tsagata, yaro.
Gyaran yana tafe.
Ran tashi zan ƙirga goma cif,
in fara da jan kunnenka."

Ta rasu ana saura kwana huɗu Ista.
Randarta na nan a ƙofar majami'a,
mun liƙe gefenta da siminti, tana ɗan tsatsafa.
Ran Lahadi, kafin in shiga,
nakan ɗebi ruwa da moɗa,
in sa babban yatsana a wuyanta
inda dungun ya bar gurbi.
Ruwan da sanyi har yau.
Kunnena kuma yana jira.